Tikitin kwana huɗu a Disney World, ga yadda za ka ci moriyarsa

In za ka kai iyali Disney World, katafaren wurin wasa da shaƙatawa da ke kusa da birnin Orlando a Amurka, sayi tikitin kwanaki da yawa don kuɗin kowace rana raguwa yake yi. Wuraren wasan 4 ne: Magic Kingdom, EPCOT, Hollywood Studios da Animal Kingdom, ba wa kowanne rana guda. Ni dai ban ga amfanin ƙarin kuɗin Park Hopper (damar shiga wurin wasa fiye da ɗaya a rana guda) in kana tare da ƙananan yara ba, wahala ce kawai.

Ka yi sammako kafin a buɗe get, ka hau manyan lilo tun layi bai yi tsawo ba, da azahar rana ta ƙwalle ku koma otal yara su ɗan runtsa sai ku dawo da yamma, tikitin ranar bai mutu ba. Kuma ka sa ranar hutu a tsakiya, wallahi ƙafa sai ta kumbura.