Yadda Na Toshe Ƙofofin Haske a Tsohuwar Kyamarata

Tsohuwar Speed Graphic da na saya, ƙirar kamfanin Graflex na Amurka, wadda ke cin fim mai faɗin inci 4 da tsawon inci 5, ta riƙa fitar da hotuna da farin tabo a gefe guda. Da farko gilashin gaba na zarga, ashe matsalar tana jikin baƙar fatar nan mai naɗewa kamar zugazugi, wadda ta haɗa gilashin da jikin kyamarar. Na shiga ɗaki mai duhu, na miƙar da ita, na kunna tocila a cikinta, sai ga haske yana leƙowa ta ƙananan ƙofofi uku a kusurwoyin ninki. Na shafa musu baƙin fentin yadi sau biyu, na bar fatar a miƙe kwana biyu, domin idan aka naɗe ta da danshi ninkin zai manne. Hoton gwaji ya fito tas.