Matakan shirya tafiyar kamun kifin salmon a Kogin Kenai

A sashen Kogin Kenai na sama, a jihar Alaska ta Amurka, an hana amfani da inji a mafi yawan tafiyar, saboda haka kwalekwale mai filafili za ka tanada.

Da farko, sayi lasisi daga hukumar kifi da namun daji ta Alaska, ka karanta sanarwarta ta ranar, domin takan rufe kamu idan kifi ya yi ƙaranci.

Sannan ka ajiye mota a Jim's Landing, mashayar da za ka fita daga ruwa, kafin ka shiga ruwa a garin Cooper Landing da ke sama da ita, tunda kwalekwalen ba ya komawa baya. Kada ka zarce mashayar Jim's Landing, gabanta kwazazzabo ne mai ƙarfin igiyar ruwa.

Sanya rigar kariya daga nutsewa tun daga gaɓa, domin ruwan na narkakkiyar ƙanƙara ne.