Kurakuran da masu bin farashin manja a kasuwar duniya suka fi yi

Abun da ya fi kayar da mutane shine su ga lamba a waya su ce manja ya kai kaza, basu tsaya sun tambayi wane farashin bane. Wanda ake yawan yaɗawa a labarai na kasuwar Bursa Malaysia ne dake Kuala Lumpur, da ringit, kuɗin Malesiya, ake lissafinsa a kan tan ɗaya, kuma ba ma na kayan da ke ƙasa yau bane, na kwantiragin da za a cika nan da wata uku ne. Sai kaga mutum ya ɗauko wannan ya jera shi da farashin Rotadam, tashar jiragen ruwa ta ƙasar Holan, wanda yake da dala kuma an riga an zuba kuɗin jirgin ruwa da inshora a ciki, yana mamakin wai ya akai suka sha bamban. Kafin ka haɗa lamba biyu ka duba kuɗin da aka yi lissafi dashi da kuma inda za a miƙa kayan, in kaga FOB to a bakin tashar mai sayarwa ne, in CIF ne har an kawo tashar mai saye. Ringit kanta in ta faɗi farashin Bursa yakan hau alhali mai saye da dala bai ji komai ba.

Haka kuma ba duk abun da ya fito daga kwakwar manja bane farashi ɗaya. Ɗanyen manja daban, tataccen olein da ake girki dashi daban, stearin mai daskarewa da masu sabulu ke saye daban. Shi kuwa man alayyadi ma ba layinsu ɗaya ba, man kwakwa yake bi.

Amma babban kuskuren a ganina shine zuba ido a kan manja shi kaɗai. Manja da man waken soya da na sanfulawa da na kanola duk kusan aiki ɗaya suke yi, masu matatun mai kuma basu da amana da kowanne, wanda ya fi araha shi zasu ɗauka. Indiya ce tafi kowace ƙasa shigo da man girki, dan haka duk inda ta karkata nan kasuwa take bi. A al'ada manja ne mai araha, soya na samansa, to a ƙarshen 2024 sai abun ya juye manja ya fi soya tsada, nan da nan 'yan Indiya suka rage sayensa suka koma soya da sanfulawa, kuma wannan ja da bayan nasu na cikin abun da ya dawo da farashin ƙasa daga baya. Wanda yake kallon layin manja kawai gani zai yi yana ta hawa ya zaci haka zai ci gaba, wanda yake kallon tazarar dake tsakaninsa da soya tuni ya san an kusa birki. Gyaran mai sauƙi ne, ka riƙa cire ɗaya daga ɗaya da dala a kan tan. Farashin man soya na kasuwar Shikago ta Amurka da santin dala ake faɗarsa a kan fam ɗaya na awo, ka ninka da 22 zai baka kusan dala a tan, sai dai shi siyasar Amurka ta gauraya shi da man mota na jansa sosai, na Ajantina ya fi dacewa da kwatance tunda ita ce kan gaba wajen fitar da man soya.

Wasu kuma mantawa suke cewa yanzu injin ma yana shan manja. Indonesiya, wadda ita da Malesiya ke samar da kusan kashi 85 cikin 100 na manjan duniya, ta tilasta gauraya shi da man dizal, kashi 30 a 2020, 35 a 2023, 40 a 2025. Duk tan ɗin da ya shiga tanki ai bazai hau jirgi ba. Dan haka kar ka ji an ce noman bana yayi kyau ka yanke cewa za a yi araha, ka fara tambaya nawa zai rage na fitarwa.

Sai saye da firgici, wanda 2022 ta koyar da shi da zafi. Yaƙin Rasha da Yukren ya toshe man sanfulawa tunda su biyun ne ke fitar da mafi yawansa, a watan Maris manja ya haura ringit 7,000 a tan, ranar 28 ga Afrilu kuma Indonesiya ta hana fitarwa gaba ɗaya, jama'a suka ruɗe aka yi ta tara kaya da tsada. Haramcin ko wata ɗaya bai yi ba, 23 ga Mayu aka ɗage shi, tankunan ajiya sun cika maƙil har sai da gwamnati ta dakatar da ɗaya daga cikin harajin fitarwa na ɗan lokaci dan kayan su tafi, kafin ƙarshen Yuli farashin ya sauko ƙasa da 4,000. Bishiya bata san da haramci ba, tana ta 'ya'ya, kuma nunannen kan manja baya jira sai an matse shi cikin kwana ɗaya ko biyu, kaga kenan kayan na nan jibge suna jiran a buɗe ƙofa.

Maganar yanayi ma ana gaggawa a kanta. In an ce El Nino, wato ɗumamar ruwan tekun Pasifik da ke sauya yanayi, ya kawo fari kamar na 2015, ba a watan ake ganin ragin ba, sai bayan wata shida zuwa shekara. Sannan raguwar da ake gani a farkon shekara ba wani labari bane, kullum haka take, amfanin yakan yi ƙasa wajen Fabrairu ya yi sama tsakanin Agusta da Oktoba, dan haka Fabrairun bana da Fabrairun bara zaka kwatanta ba da Oktoba ba. Hukumar manja ta Malesiya, MPOB, tana fitar da alƙaluma wajen 10 ga kowane wata, layin kayan da suka rage a ajiya zaka fara dubawa, in ya haura tan miliyan 2 'yan kasuwa sukan ɗauka kaya sun yi yawa.