Yadda za ka hango sha ɗayan da koci zai fito da su idan gwiwar ɗan baya ta samu matsala

Duk mai zama kallon ƙwallo a gahawa nan Jidda, ko can Sharar Mansur a Makka, ya san da zarar ɗan baya ya faɗi yana riƙe da gwiwa musu ya tashi ke nan, wannan ya ce wane za a saka, wancan ya ce kai Alhaji wane ɗin ai ko gudu ba ya iyawa. Kowa tambayarsa ɗaya, wa zai shiga gurbinsa. Ni a wajena wannan tambayar ta zo da wuri, domin sau da yawa gurbin da ya bari ana toshe shi, inda aka ciro mai toshewar ne ke ɓallewa. Ga yadda za ka bi abin daki-daki kafin ka buɗe baki a majalisa.

Da farko ka san wane irin ciwo ne, kuma kada ka yarda da labarin daren wasa, ka jira a yi hoton gwiwar ƙungiya ta fitar da sanarwa, yawanci washegari ko bayan kwana biyu. Idan ka ji an ce salibi, wato jijiyar nan ta cikin gwiwa da ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba, to tiyata ce kuma ka lissafa wata bakwai zuwa tara, wani ma ya fi haka, kaka ta tafi ke nan. Idan jijiyar gefen gwiwa ta ciki ce, galibi ba a yin aiki, makonni ne ya dawo. Guringuntsi kuwa shi ne mai rikita mutane, in yanke ɓangaren da ya yage aka yi zai iya dawowa cikin wata ɗaya da rabi, in ɗinke shi aka yi sai ya kwashe wata uku zuwa sama. Kuma don Allah ka daina cewa ai da ƙafarsa ya fita don haka ba komai, Van Dijk, ɗan bayan Liverpool, da ƙafarsa ya taka ya bar fili ranar da gola Pickford ya afka masa a wasan Everton a Oktoban 2020, amma bai sake buga wa Liverpool wasa ba a wannan kakar. Amfanin sanin wannan shi ne, ciwon sati uku faci koci zai yi, ciwon wata takwas kuma tsarin wasa da kasuwa duk sai sun motsa.

Daga nan sai ka tambayi kanka me wannan mutumin yake yi wa ƙungiya wanda ba ya fitowa a lissafin ƙwallaye. Da wace ƙafa yake wasa? Ɗan tsakiyar baya mai ƙafar hagu tsada gare shi, saboda shi ke fitar da ƙwallo ta ɓangaren hagu ba tare da ya juya jikinsa ba, in ka sa mai ƙafar dama a wurin za ka ga yana yawan mayar wa gola ko ya buga doguwa. Lokacin da Laporte na Manchester City, wanda daga baya ya zo Nasr, ya ji ciwo a gwiwa a wasan Brighton a watan Agustan 2019, Guardiola bai da wani mai hagu irinsa, dole ya ja Fernandinho baya, kuma a wannan kakar Liverpool ta ɗauke kofin Firimiya. Sannan yana da gudu? In shi ne mai gudun da ke ba ƙungiya damar turo layin baya har kusa da tsakiyar fili, to in babu shi layin zai ja baya, tazara ta buɗe tsakanin 'yan baya da 'yan gaba, 'yan tsakiya su yi ta gudu kamar masu sa'ayi tsakanin Safa da Marwa. Shi ne mai sa kai a bugun kwana? Shi ne mai tsawa yana jera mutane? Kowanne daga cikin waɗannan mutum daban zai nema a benci.

Yanzu ka duba bencin. Hanya uku ce kusan kullum, ko a ɗauko ɗan baya na uku, ko a ɗauko yaro daga ƙaramar ƙungiya, ko a ja lamba shida, wato ɗan tsakiyar da ke tsayawa gaban 'yan baya yana tare musu, ya koma baya. Koci-koci da yawa ta ukun suke so saboda sun fi yarda da babban ɗan wasa ko da ba wurinsa ba ne, kuma a nan ne ya kamata ka tsaya ka yi lissafi sosai.

Ɗauki Liverpool ɗin nan dai. Bayan Van Dijk, Joe Gomez ma gwiwarsa ta tafi a atisayen Ingila a watan Nuwamba, Matip ya bi su a Janairu da ciwon idon sawu, kocinsu Klopp ya ja lamba shidarsa Fabinho baya, wannan dai Fabinhon da ya zo mana Ittihad a 2023, har Henderson ma sai da aka ja shi baya. Fabinho bai yi laifi a baya ba, wallahi ya yi ƙoƙari, amma tsakiya ta zama fanko, babu mai tare ƙwallo kafin ta iso, babu mai ƙwato ta da wuri a ba su Salah. Suka sha kashi sau shida a jere a Anfield a lig, abin da ko a mafarki. An kawo Kabak aro daga Schalke, an sayo Ben Davies daga Preston, amma abin da ya gyara tafiyar shi ne da aka mayar da Fabinho lamba shidarsa a watan Maris aka bar su Nat Phillips da Kabak, daga baya Rhys Williams, su riƙe baya, yaran da ba wanda ke lissafi da su. Wasa goma na ƙarshe ba a doke su ba, suka ci takwas, suka ƙare a na uku. Ka ga ɗan baya mai matsakaicin ƙarfi da ke da garkuwa a gabansa ya fi gwani da aka bari a fili.

Amma kar ka ɗauke ta kamar doka. Madrid a kakar 2023-24 ta rasa Militao a watan Agusta, ta rasa Alaba a Disamba, duk salibi, ga golansu Courtois shi ma haka, Ancelotti ya riƙa jan Tchouameni baya kuma suka ci La Liga da kofin zakarun Turai. Bambancin? Tsakiyarsu cike take, ga Kroos ga Valverde ga Camavinga ga Modric. Don haka kafin ka ce za a ja lamba shida, ƙirga mutum nawa suka rage da za su iya zama a wurinsa. In babu ko ɗaya, ka sa ran koci mai hankali zai gwada yaro, ko ya koma 'yan baya uku ya sa na gefe su rufa.

In ɗan gefe ne ya ji ciwon, lamba biyu ko lamba uku, lissafin gajere ne, duba wanda ke gabansa. Da Carvajal na Madrid ya ji nasa a Oktoban 2024 sai Lucas Vazquez da Valverde suka riƙa cike wurin. Duk ɗan gaban da ba ya dawowa taimako, a irin wannan lokacin ne ake ajiye shi a benci ko a canza masa gefe.

To mu nan Saudiyya akwai ƙarin abu da mai kallon Firimiya ba ya tunani a kai, wato adadin baƙi. Daga kakar 2024-25 an bar ƙungiya ta yi rajistar baƙi goma, biyu daga ciki matasa, amma takwas ke shiga takardar wasan lig, kuma hukumar tana taɓa dokar lokaci zuwa lokaci don haka ka duba ta kakar da ake ciki. In baƙo ne ya ji ciwo mai tsawo, ana iya cire sunansa a sa wani idan kasuwa ta buɗe, haka Hilal ta yi da Neymar bayan salibinsa, ta yi rajistar Renan Lodi a Janairun 2024. Ittihad ma da Ahmed Hegazi ya ji nasa a ƙarshen kakar da suka ci lig a 2023, ai Luiz Felipe suka ɗauko daga Betis. In kuwa ɗan ƙasa ne ya ji ciwon, ciwon kan ya fi, saboda 'yan baya 'yan ƙasa masu kyau ba su da yawa kuma manyan ƙungiyoyi sun riƙe su, ba kullum ake samun irin su Usama Hausawi da Umar da Mu'utaz ba, da suka je kofin duniya na 2018 su uku duk 'yan tsakiyar baya. In aka ce baƙo zai cike gurbin ɗan ƙasa, to wani baƙon ne zai koma kallo daga sama, kuma yawanci daga gaba ake cirowa. Shi ya sa wani lokaci gwiwar lamba biyar ce ke zaunar da lamba sha ɗaya. Ka kuma duba kalanda, ciwon watan Satumba bayan an rufe kasuwa ba ɗaya yake da na ƙarshen Disamba ba.

Ranar wasa kuma ka gwada hasashenka a minti goma sha biyar na farko. Ina layin baya ya tsaya idan ƙwallo na hannunsu, gola yana ba da gajere ko ya koma lafta doguwa, wa aka ba dogon sitiraikan abokan hamayya a kwana, kuma lamba shida yana yawan faɗowa tsakanin 'yan bayan biyu? In yana faɗowa, koci bai gama yarda da sabon ba.

Idan aka ce ya warke ya koma atisaye, kada ka yi saurin rubuta sunansa a sha ɗayan farko. Sai ya fara da minti goma, ashirin, rabin lokaci, ana lura da tsokar cinya saboda ita ke yawan biyo baya da nata ciwon. Militao ya dawo a ƙarshen watan Maris na 2024, amma a wasan ƙarshe da Dortmund a Wembley Nacho da Rudiger ne suka fara, shi sai can dab da tashi aka sa shi, kuma a Nuwamban wannan shekarar ɗaya gwiwar ma ta tsinke a wasan Osasuna, aka koma ɗauko Asencio daga Castilla, ƙaramar ƙungiyar Madrid.