Dashbod na cewa manyan akawun ba su da MFA alhali kun saka: ga inda za ka duba

Wata Laraba cikin zafin Afrilun nan na Sakkwato, ina zaune ofis ɗinmu wajen Gawon Nama fanka na hura iska kamar daga bakin tanda, sai ga oga ya shigo riƙe da waya ko sallama bai gama ba ya ce "Malam mi ke faruwa, masu odit sun turo hoto wai akawun huɗu na manya ba su da MFA, ba kai ka ce an gama wanga aiki tun kafin azumi ba?" Na ce yallaɓai a ba ni zuwa la'asar. Gaskiya ni ma gabana ya faɗi, don da hannuna na saka ma mutane abin nan ɗaya bayan ɗaya.

Ga wanda bai saba ba, MFA shi ne bayan kalmar sirri sai ka ƙara kawo wata shaida kafin a bar ka ka shiga, ko dai lambobin nan shida da ke canzawa duk daƙiƙa 30 cikin Google Authenticator ko Microsoft Authenticator, ko ɗan makullin da ake sokawa jikin kwamfuta irin YubiKey. Su kuma dokokin odit na kilawud, wato kwamfutocin da ake haya ta intanet, aikinsu su leƙa su ce wane ya bi wane bai bi ba. To abin da ya kamata ka riƙe shi ne dokar ba ta ganin wayarka, ba ta san ka sha wahala ba, wani takamaiman wuri kawai take dubawa a wani takamaiman lokaci. Don haka kafin ka taɓa komai buɗe dokar da ta yi ja ka karanta sunanta da kyau ka gane mi take dubawa.

Mu AWS muke kai, wato kilawud ɗin kamfanin Amazon, bari in fara da shi. Cikin AWS Config, sashen da ke duba saitin akawun, akwai dokoki masu kama da juna da ke rikita mutane. iam-user-mfa-enabled tana bin duk wani mai akawun na IAM, sashen da ke riƙe da masu shiga da ikonsu, ko mutum ne ko ba mutum ba. Ita kuma mfa-enabled-for-iam-console-access sai wanda ke da kalmar sirrin shiga ta burawuza kaɗai take dubawa. Cikin huɗun nan da anka turo muna, biyu ba ma mutane ba ne, akawun ne da anka buɗe ma manhaja, ɗaya na kwashe bakof da dare ɗaya na tura sabon kod, ba su da kalmar sirri sai makullin shiga na access key, to wa zai danna masu lamba shida ƙarfe biyun dare? Dokar farko ce ta kama su. Maganin nan ba wai ka liƙa masu MFA na dole don dashbod ya yi kore ba ne, ko dai ka koma ga doka ta biyu in ita ce ta dace da abin da masu odit ke nema, ko kuma, wanda ya fi, ka raba manhajar da akawun ɗin kwata-kwata ka ba ta role, wato matsayin da ake ara a yi aiki da ikonsa, tunda shi shaidar wucin gadi yake bayarwa mai mutuwa da kanta.

Hanyar da ta fi saurin nuna maka gaskiya ita ce rahoton shaidu. Ka buga aws iam generate-credential-report, sannan aws iam get-credential-report, ko ka sauke shi daga shafin IAM, fayil ne na CSV da ke buɗewa cikin Excel. Ka jera password_enabled kusa da mfa_active. Duk layin da na farko ya ce true na biyu ya ce false, wannan matsala ce ta gaske ba kuskuren doka ba. Ka leƙa password_last_used ma, wani lokaci za ka tarar da akawun ɗin wanda ya bar aiki shekara biyu da sunka wuce yana nan da ikonsa cif.

Na ukun kuma haƙuri kawai yake so. Yarinyar da ke riƙe da lissafin kuɗin kilawud ɗinmu ta saka nata da safen ranar, amma doka na ta nuna ja, na danna a sake dubawa ya fi sau biyar ba abin da ya motsa, har na fara zargin netwok. Ashe rahoton shaidun nan AWS ba ya sabunta shi sai bayan awa 4, kuma dokar daga cikinsa take karantawa, don haka ko ka kwana kana dannawa tsohon labari za ta maimaita maka. Kuma irin waɗannan dokoki lokaci-lokaci suke zagayowa, galibi sau ɗaya a awa 24 in ba ka rage ba. In kana gaggawa buga aws iam list-mfa-devices da sunan mutumin, nan take za ka ga ko akwai na'ura a rijista.

Na huɗun shi ne abin kunya, na oga ne da kansa. Ya canza waya, tsohuwar ya ba ɗansa bayan an goge ta tas, lambobin sun tafi da ita, ranar da ya kasa shiga wani daga cikinmu ya cire mishi MFA "na ɗan lokaci" don ya biya wani abu, ɗan lokacin nan ya kai wata biyu. Akawun mai cikakken iko, kalmar sirri kaɗai ke tsare da shi. Nan doka ta yi gaskiya ɗari bisa ɗari, kuma da na bi zuciyata na rufe bakin duka huɗun a matsayin ƙararrawar ƙarya, da wanga ya wuce cikin su.

Akwai kuma root, uban akawun. Dokar root-account-mfa-enabled ta yarda da manhajar waya, amma root-account-hardware-mfa-enabled ba ta yarda ba, sai na'ura ta hannu. Mutane da yawa nan suke tsayawa suna rantsuwa sun saka, kuma sun saka ɗin, ba dai irin wanda ake tambaya ba.

Abin da ya fi ja ban tsoro a wurina shi ne koren ƙarya. In ma'aikatanku ta IAM Identity Center suke shiga, wato ƙofar shiga ta bai ɗaya ta AWS, dokokin can na sama ba su ganin su sam, can cikin saitinsa ake tilasta MFA daban. Hakanan mutum na iya samun MFA a burawuza amma yana da access key ajiye cikin laftof, wanda ya sace makullin nan ba mai tambayarsa lamba. In za ka toshe wannan da doka mai hanawa kan aws:MultiFactorAuthPresent, alamar da ke nuna ko da MFA anka shigo, yi amfani da sharaɗin BoolIfExists ba Bool ba, domin buƙatar da ta zo da makulli na dindindin ba ta ɗauke da wagga alama ko kaɗan, Bool sai ya bar ta ta wuce salin-alin. Amma gwada shi kan akawun ɗaya tukuna, na taɓa ganin wanda ya kulle kansa waje da irin wannan.

Ɓangaren Azure kuwa, kilawud ɗin Microsoft, wani abokina da ke aiki da wata ƙungiya nan cikin gari ya sha irin tasa. Tun Oktoba 2024 Microsoft ya fara tilasta MFA ga masu shiga Azure portal da cibiyar gudanarwa ta Entra, sashen da ke riƙe da akawun ɗin ma'aikata, amma wannan bai hana rahoton odit yin ja ba. Abin da za ka fara rarrabewa shi ne yin rijista daban, tilastawa daban. Mutum na iya rijistar Authenticator amma ba wata doka da ke neman ta wurinsa. Buɗe dokarku ta Conditional Access, mai gindaya sharuɗɗan shiga, wadda sai da lasisin Entra ID P1 ake samun ta, ka duba ko an bar ta kan Report-only, wato tana rubutawa ba ta hanawa, wannan shi ya kama abokina, wata uku suna zaton a kunne take. Sannan ka shiga jerin waɗanda anka ware, nan ɓarna ke ɓuya, sai a sa mutum cikin gurup ɗin da anka ware don yana tafiya Abuja, a manta shi ciki. Ka duba kuma baƙin akawun, ɗan kwangilar da anka ba Owner, wato cikakken iko, ya gama aiki ya tafi har yanzu sunansa na nan. Tarihin shiga na Entra na nuna maka kowace shiga da dokar da ta hau kanta da wadda ba ta hau ba, akwai kuma What If da za ka gwada mutum ba tare da ka dame shi ba.

Shi ma Azure Policy, mai duba bin dokoki a Azure, kusan duk awa 24 yake zagayowa, kana iya tura shi da az policy state trigger-scan, sai dai in dokar sakamakon Defender for Cloud, kayan tsaro na Microsoft, take karantawa to sai shi wancan ya sabunta tukuna. In kuma MFA ɗinku na wani kamfani ne daban, akwai kayan odit da ba su ganin sa, a nan ne keɓewa daga dokar ta halatta, ka zaɓi Mitigated, wato an magance ta wata hanya, ka rubuta dalili, ba Waiver ba, wato an yafe kawai, kuma ka sa mata ranar ƙarewa. Akawun ɗin gaggawa da ake ajiyewa don ranar da kowa ya kulle, su ma yanzu ba su tsira daga tilascin Microsoft ba, saya masu makullin FIDO2, irin na sokawa jikin kwamfuta ɗin nan.

Da munka zo sake saka ma oga nasa sai lamba ta ƙi shiga, sau uku yana bugawa ana cewa ba daidai ba, ya fara kallona. Na karɓi wayar na duba, agogonta da hannu anka saita, yana gaba da kusan minti uku, su kuma lambobin nan da lokaci ake lissafa su. Na mayar da shi kan saita kai da kai, nan take ta shiga. Tunda AWS na barin mutum ɗaya ya yi rijistar na'ura har 8, munka ƙara mishi makulli na hannu, yana cikin sef ɗin ofis yanzu an naɗe shi cikin ambulan, kuma na ce duk ranar da zai sake canza waya ya kira ni kafin ya miƙa ma yaro tsohuwar.