Darasi na 9: In ƙarfe ya yi yawa a jikin mai ciwon ɓargo

Toh, yau maganar jini za mu yi. A cikin ƙashi akwai ɓargo, shi ne ke yin jini. Akwai wani ciwo da likitoci ke kira MDS, ɓargon ne ke lalacewa, yana yin jinin amma ba mai kyau ba, yawanci tsofaffi yake kamawa, 'yan shekara 60 zuwa sama. Mutum sai ya riƙa jin kasala da haki, shi ya sa da yawansu sai an riƙa yi musu ƙarin jini a kai a kai.

Ga inda gizo ke saƙar. Kowace leda ɗaya ta jini tana ɗauke da sinadarin ƙarfe, wato ayon, kamar miligiram 200 zuwa 250, jiki kuma abin da yake iya fitarwa a rana bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba. Ka lissafa da kanka, leda 20 kenan ƙarfe ya kai wajen miligiram 4000 ko fiye, kuma ba inda zai je sai dai ya taru a hanta da zuciya yana ɓata su a hankali, wani ma har ciwon suga yake jawo masa, kuma da farko ba wata alama da za ka ji.

Gwajin jini mai suna feritin shi ke nuna yawansa. In ya haura 1000 likita zai fara duba ko a sa ka a maganin da ke kama ƙarfen ya fita da shi. Akwai deferasirox, na sha ne sau ɗaya a rana, ƙarfen ta bayan gida yake fita. Akwai deferoxamine, shi allura ce a ƙarƙashin fata da wata 'yar na'ura tana turawa awa 8 zuwa 12, gaskiya yana da wahala, kuma fitsari kan yi ja-ja, kar ka tsorata ƙarfen ne ke fita. Ba kowa ake ba waɗannan magungunan ba fa, an fi ba waɗanda ciwonsu bai yi tsanani ba. Wani bincike mai suna TELESTO da ya fito a 2020, kan mutum 225, ya nuna masu shan deferasirox sun fi daɗewa kafin matsalar zuciya ko hanta ta taso musu.

Deferasirox ɗin kan kawo gudawa, tashin zuciya ko ƙuraje, kuma yana taɓa ƙoda, don haka gwajin ƙoda da hanta ba fashi, ido da kunne ma ana dubawa. In amai ko gudawa suka yi yawa a kira likita ranar.

Abin da ya fi damuna shi ne 'yan uwa masu kawo maganin ƙarin jini don sun ji an ce ba jini. Galibin irin waɗannan ƙarfe ne a ciki. Kar a sha, a kai wa likita kwalbar ya gani tukuna.