Ranarka Ta Farko A Aikin Sa-kai Na Kare Daji

Da farko, nemi shugaban ƙungiyar ka ji ranar fita da wurin haɗuwa. Tafi da takalmi mai rufe ƙafa, safar hannu da ruwan sha. Silifa ba ta shiga daji ba ce.

In dashen itace aka ba ka, haƙa rami ninki biyu na faɗin ledar, amma zurfinsa kar ya wuce nata. Yage ledar a hankali, kar ƙasar jikin saiwar ta warwatse. Mayar da ƙasa, danna da tafin hannu, sannan ka ba shi ruwa ya ƙoshi.

Lokacin hutu kar ka koma gefe kana latsa waya. Zauna cikin jama'a, ka tambayi tsofaffin hannu sunayen itatuwa, a nan ake sabawa. Kafin a watse, karɓi lambar mai shirya fita ta gaba.